Tsamiyar Shamuwa

Shekarar da aka sake kafi, shingen itacen da ya kewaye garinmu, kafin Nasara su iso ƙasar Maraɗi, ina da shekara kamar talatin, kuma ni ne masassaƙin Madarunfa. Baki gare ni a lokacin. Nakan ce ba itacen da zai kwana biyu a gaban gatarina.

A bayan gidanmu akwai tsamiya babba, rassanta sun tsallake kafi sun leƙo cikin gari. Kowace bazara shamuwa ke sauka a kanta, kuma a wurinmu ba a taɓa shamuwa, ba a jifarta, ko yaro ya san haka. Gwaggona, yayar babana, ita ke lura da su. Ta san wadda ta fara zuwa, ta san sheƙar da ta yi ƙwai. Ran da ta ce sun fara ɗauko kara, ranar maza ke fito da iri. Waccan shekarar sheƙa tara ta ƙirga, duk da ƴaƴa a ciki.

Sai labari ya zo an ga mahaya ta wajen Ɗan Issa. Mai gari ya zagaya kafi, ya tsaya ƙarƙashin tsamiyar, ya ce mahari ɗaya in ya hau ta, ya shigo gari. Aka aiko a kira ni. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Na durƙusa na ce, "Ranka shi daɗe, a ba mu kwana ashirin ɗiyan su tashi."

Ya ce, "In maharan sun ba ni kwana ashirin, ni ma in ba ka."

Gaskiya ya faɗa. Gwaggo ta je wurinsa da kanta, bai sauya magana ba.

Kwana uku na yi ina sara. Iyayen suna shawagi a kaina, su sauka, gatari ya buga, su tashi. Na tsani hannuna, amma ban daina ba. Da tsamiyar ta faɗi, gwaggo ta shiga cikin rassa da ƙwarya tana tsintar ƴaƴan. Biyar ta samu da rai.

Muka koma iyayen tsuntsu, ni da ita. Ina kamo fara a gona, ina tono kwaɗi a bakin tabki, tana ɗura musu. Matata har tsiya take mini, wai ita ba ta taɓa ganin na kawo cefane da sauri haka ba. Huɗu suka mutu cikin mako guda. Ɗaya ya rayu, ya yi baƙin gashi da farin ciki, yana yawo tsakanin kaji ya fi su tsawo. Sai dai fiffikensa na hagu ya karye a faɗuwar, ya warke a karkace.

Da gero ya nuna, shamuwar ƙauyuka ta fara taruwa a bakin tabki don tafiya. Gwaggo ta ce in kai shi, ko ganin ƴan'uwansa zai sa ya tashi. Na rungume shi na kai. Da hantsi suka tashi gaba ɗaya, suna kewayawa suna ƙara sama. Shi kuma ya ruga a kan laka yana kaɗa fiffike ɗaya, ya faɗi, ya miƙe, ya sake rugawa. Sau uku na ɗaga shi na cilla sama, sau uku ya dawo ƙasa. Na zauna a wurin ina kuka, ƙato da ni, masunta suna kallo.

Da na shigo gida da shi a hammata, gwaggo tana bakin murhu.

"Sun tahi?"

Na ce sun tafi.

Ta dube shi, ta dube ni. "To in rani ya yi, hwara ta ƙare, kwaɗi sun shige ƙasa, mi za mu ba shi?"

Na sauke shi, ya nufi ƙwaryarta yana buɗe baki.