Takunkumin da Kallamu Ya Ba da Aro

A Fatakwal aka haifi Kallamu. Bai kai yaye ba rikici ya ɓarke, uwarsa ta goya shi ta bi ayarin masu gudu zuwa Arewa. Bayan yaƙi ya lafa, shi kuma ya zama saurayi, sai ya ce garin da aka binne cibiyarsa yana kiransa, ya dawo. Dakon siminti ya yi har ƙura ta cinye masa ƙirji, numfashinsa ya koma kamar zugazugin maƙera. Daga nan ya kafa teburin albasa a bakin kasuwar Rumuokoro.

Ɗaki guda yake kwana da samari 'yan ci-rani, suna ce masa Baba. Abin ɗakin na kowa ne, daga buta har silifas. Idan ya dafa garaugarau, ko baƙon da ya sauka yau sai ya sa hannu. Allah ya jiƙan Kallamu, bai iya cin abu shi kaɗai ba.

Da korona ta zo, aka ce duk wanda ya fita ba takunkumi a fuska zai gane kurensa. Jami'an da aka zuba a mahaɗar hanya ba ruwansu da cuta. Ko tsumma ka ɗaura sai su ce wuce, su kuwa nasu yana rataye a haɓa, suna sa dattawa tsallen kwaɗo a kan kwalta. A tasha ma wasu marasa tsoron Allah suna tsinto waɗanda aka yar, su wanke su goge su sayar. Samarin ɗakin suka sayi ɗaya irin wannan, suka rataye a ƙusar ƙofa, mai fita ya ɗauka, ya dawo ya mayar.

Kallamu ya san ƙirjinsa. Ya tafi wurin Lai'atu, 'yar Kudancin Kaduna mai shagon magani, ya tambaye ta wanne zai saya. Ta zaɓar masa na yadi mai ninki uku, wanda ya rufe hanci da haɓa ba tare da gefe ya buɗe ba. Ta ce ya riƙa wankewa da sabulu kullum, kuma ko ɗan cikinsa kada ya ara wa.

Da ya dawo ya faɗa wa samarin, ya roƙe su kowa ya nemi nasa, sai suka mayar da shi abin dariya. Suka ce ciwon masu hawa jirgin sama ne, ina ruwansa da mai albasa. Da suka ga yana shanya nasa daban yana cusawa a aljihu, sai aka fara cewa Baba ya tsufa da rowa. Mutumin da suka ƙoshi a tukunyarsa! Maganar ta ci masa rai fiye da yadda suka zata.

Wata safiya Idrisu, mai tura baro a cikinsu, ya tashi da zazzaɓi da tari. Yana so ya je shagon magani, na ƙusa kuma wani ya riga ya fita da shi. Ya dubi Kallamu a gaban kowa.

"Baba, ara mini naka, ko shi ma na gado ne?"

Aka tuntsure da dariya. Kallamu ya sa hannu a aljihu ya miƙa masa.

Da Idrisu ya dawo, ya cire ya ba shi da ɗuminsa. Hantsi ya yi, albasa tana jira, jami'ai suna kan hanya. In Kallamu ya ɗauki sabulu ya wanke a gaban yaron, ai ya ce masa ƙazami ke nan. Kara ta hana shi. Ya ɗaura ya fita.

Idrisu ya yi 'yan kwanaki ya miƙe, jini ne na saurayi. Kallamu kuwa da ya kwanta bai sake tashi ba. Allah kaɗai ya san ta inda cutar ta shiga, tunda iskar ɗaki ɗaya suke shaƙa, kuma ajali ba ya wuce ranarsa. Amma wanda ya ce zai kiyaye kansa aka yi masa gori har ya saki, a bar cewa ba a zalunce shi ba.

Ranar da za a kai shi asibiti, Lai'atu ta zo ta tsaya daga bakin ƙofa. Da ƙyar ya haɗa maganar.

"'Yata, kayan jikina da takunkumin nan, a ƙone. Kada a ba kowa sadaka."

Bayan an dawo daga maƙabarta ta tara su a bayan gida ta cinna ashana da hannunta, tana kuka. Idrisu ya tsuguna nesa, kansa a ƙasa. Hayaƙin bai gama tashi ba wani daga cikin samarin ya ce, a hankali amma an ji, rigar nan ai sabuwa ce.