Karan da Rifkatu ta gitta

Malam ya ɗaga aikin Rifkatu sama.

Muna aji uku a firamare nan Zuru, lokacin da wayar salula ta fara shigowa gari. Malam ya ce kowa ya haɗa murabba'i da karan dawa huɗu da ƙayar aduwa. Namu, da ka ɗauka sai ya karkace. Rifkatu, 'yar ƙauyen Manga, ta gitta kara na biyar daga kusurwa zuwa kusurwa.

"Mi kinka yi nan? Huɗu na ce."

"Malam, haka baba ka yi ma ƙyauren awakinmu. In babu shi, kwantawa yake yi."

"Wannan alwatika biyu ne, ba murabba'i ba."

Ya ba ta sifili, ni ya ba ni goma. 

Aka rataye su a bango. Kafin Juma'a duk sun langaɓe, nata kaɗai ya rage murabba'i.

Yanzu walda nake yi. Jiya wani ya tambaye ni dalilin ƙarfen da nake gittawa a kowace ƙofa, sai na tuna ta. Ashe da sifilin Rifkatu nake cin abinci.

Da ku ne Malam, nawa za ku ba ta?