Kat-kat ta yi mini bugun wake

Jama'a, yau anasara ya yi mini aikin gona! 😂

Da sahe Baba ya baza wake a masussuka bayan Madekali, ya miƙo mini sanda. Ya ce, "In ba ka bugge shi ba, babu kallon kokowa a garin Gene."

Ina zaune ina hararar waken, sai ga kat-kat, motar nan mai shiga daji, tanti bisa kai, taɓo har gilashi. Wani anasara da matatai. Wai sun gaji da kwalta, hanyar daji mai wuya suka nema.

Na nuna waken, na ce da ɗan Faransancina: "Mushe, ga ta nan. Amma sai an bi ta sau goma, gaba da baya."

Wallahi ya hau! Ƙaras-ƙaras! Madam na bidiyo tana ihu, "Ƙara!" Wai tun Kwatano ba su samu hanya mai daɗinta ba. Wake ya hita tas!

Sai ga Baba bisa moto. Ya duƙa, ya damƙi waken, ya dubi tayoyin.

Ya ce, "Tambaye shi, gobe shina nan? Akwai na kawunka."

Ga ni hanyar Gene, ku riƙe mini wuri!