Ranar da Inna ta aro fanka

Shekarun baya, a shekarar da na samu gurbin karatu a jami'a, na yi wa mahaifiyata wani abu da ban taɓa ba kowa labarinsa ba. Yau wani ɗalibi ya tambaye ni yadda na samu tallafin karatu, na ba shi amsar da na saba bayarwa, wato na cike fom, Allah ya sa aka dace. Gaskiya ne, amma ba ita ce duka gaskiyar ba.

Gurbi dai na samu, abin yin rajista ne babu. Mahaifina ya rasu ina aji biyar na sakandare, ya bar mana gona ɗaya da gida mai ɗaki uku a ƙauyenmu da ke bayan Bukkuyum. Inna ce ke riƙe da mu da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ana saura 'yan makonni a rufe rajista, kuma na san in aka rufe ban biya ba, gurbin ya tafi, sai in koma in riƙe fartanya.

Abokina ne ya jiyo labarin wata gidauniya da ke ɗaukar nauyin 'ya'yan marasa ƙarfi. A shagon intanet na Gummi ya ga takardar manne a bango, ya dawo ya ja ni muka hau kabu-kabu muka koma. A fom ɗin akwai wurin da aka ce mutum ya bayyana halin da gidansu ke ciki. To a nan na saki jiki. Duk Turancin da na haddace don jarrabawa na juye shi. Na rubuta ɗakin da ke yoyo, na rubuta ranakun da ba a ɗora tukunya, har akuyar da ta mutu bara ban bari ba. Da abokina ya karanta sai ya ce shi kansa ya ji kamar ya cire rigarsa ya ba ni. Babu ƙarya a ciki, amma da za a fassara wa Inna takardar nan, da ba ta bari na aika ba.

Bayan kwana goma aka kira ni a waya. Aka ce na tsallake matakin farko, kuma ranar Alhamis mutum biyu za su zo su ga gidanmu da idonsu, su yi magana da wanda ke riƙe da ni. Za su fara da Anka da safe, su biyo ta wurinmu, su wuce Gummi.

Kuskurena na farko a nan yake. Na kasa gaya wa Inna abin da za su zo dubawa. Ta yaya zan buɗe baki in ce mata wasu za su zo su tabbatar mu talakawa ne? Sai kawai na ce baƙi za su zo daga Gusau kan maganar karatuna. Ta tambaye ni su nawa ne, na ce biyu. Na ji daɗi maganar ta tsaya nan.

Ranar Alhamis tun da hantsi na fita bakin titi ina jiransu, don hanyar garinmu sai da ɗan jagora. Ba su iso ba sai bayan azahar. Wani dattijo ne mai furfura da wata mata riƙe da fayil. Ina gaba suna biye, ina ta addu'a a zuci gidan ya yi daidai da abin da na rubuta.

Muna shiga na tsaya cak. Na ɗauka gidan wani na shigo. An share tsakar gida an yayyafa ruwa. An shimfiɗa jar darduma irin ta ɗakin amare, an jera kujerun roba huɗu, an rataya sabon labule a ƙofar ɗakin nan mai yoyo. Ga kuloli masu walƙiya a jere, ƙamshin zabi ya cika gidan. Can gefe kuma ga fanka mai tsayuwa, a gidan da ko wayar wuta ba a taɓa ja ba. Inna ta fito cikin atamfarta ta Sallah tana ta lale marhabin.

Aka gaisa, aka zuba musu tuwon shinkafa da zabi, aka kawo fura da nonon da maƙwabtanmu Fulani suka aiko. Da suka wanke hannu matar ta buɗe fayil ta fara tambaya cikin ladabi. Ta tambayi Inna yadda take fama da yara tun rasuwar maigida. Inna ta ce alhamdu lillahi, ba su rasa komi ba. Ta tambayi sana'a, Inna ta ce ana taɓawa, kuma Allah na sa albarka. Matar ta ce ko akwai ranar da ake kwana ba a ci ba.

"Gidanga?" in ji Inna. "Allah shi kiyaye."

Ina kallon biron matar yana tafiya a kan takarda, ina ganin jami'a tana yi mini nisa. A raina na ce shi ke nan, sun ɗauke ni maƙaryaci. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Inna, ki hwaɗa masu gaskiya. Dardumag ga ba tamu ba ce, kujerun ma aro na. Ko zabbin ba namu ba ne. Shekaranjiya mi munka ci?"

Matar ta daina rubutu. Inna ba ta dube ni ba, ta dubi hannuwanta, sannan ta ce a hankali, "Haka na. Aro na." Ta gyara mayafinta, ta ce bari ta ƙaro musu ruwa. Ta shiga ɗaki, kuma ba ta sake fitowa ba sai da suka yi sallama.

Na raka su bakin mota. Dattijon ya bari matar ta shiga, sannan ya riƙe hannuna ya ce tun daga ƙofa suka gane. Ya ce ya daɗe yana wannan aiki, ya san dardumar aro in ya gan ta, balle fanka a gidan da babu wuta. Ya ce gidan da suka fito a Anka ma haka suka iske, kuma ba amsar uwa suke rubutawa ba, abin da idonsu ya gani suke rubutawa.

"Ba sai ka hwaɗi ba, samari," ya ce. "Koma ka ba ta haƙuri."

Da na dawo na tarar ta naɗe dardumar ta ɗora a ka. Aikina ne mai da kayan aro, amma da na miƙa hannu sai ta kauce. Ita ta mai da su da kanta, gida gida, har fankar. Ina zaune a zaure ina kallon shigarta da fitarta, na rasa inda zan sa kaina.

Sai da ta gama na same ta tana wanke kwanoni. Na durƙusa na fara kame-kame, ina bayanin fom da abin da aka zo dubawa. Ta bari na gama.

"Kana ganin don su ɗauka muna da shi niy yi?" ta ce. "Wa za ya ga ɗakinga ya ce muna da shi? Gida bakwai nis shiga, babu wanda yac ce mani a'a. So niy yi su san ba kai ɗai kake ba, kana da mutane."

Bayan mako biyu sunana ya fito. Na yi rajista ana saura kwana uku, gidauniyar ta riƙe ni har na gama. Inna ta yi murna, ta raba ƙuli-ƙuli a gidajen nan bakwai, kuma ba ta sake tayar da maganar ba.

Na daɗe ina gaya wa kaina tsoro ne ya sa, kuma yaro ne ni. Haka ne. Amma da na zaunar da ita tun farko na faɗa mata abin da ake nema, da ta san yadda za ta faɗi halinmu da bakinta ba tare da an tona ta ba. Kunyar minti biyar na guje wa, na ɗora mata wadda ta fi ta a gaban baƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tallafin nan da ma zan samu ko ban ce uffan ba.

Sau da yawa na so in sake ba ta haƙuri yadda ya kamata, yanzu da na girma na san abin da na yi. Duk lokacin da na ɗauko zancen sai ta ce ita ba ta tuna ba, ta tambaye ni ko na ci abinci. Na san ta tuna.