Ruwan da Baffa ya hana Inna ƙetarewa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Inna, mahaifiyata, mai bandar kifi a wani tsibiri kusa da Wara. Ana cewa zuciya tana sanyi da daɗewa. Tawa dai ba ta yi ba.

Ɓarin jikinta na dama ne ya shanye. A asibiti a Yelwa aka ce ba sai an kwantar da ita ba, a riƙa kawo ta gashi sau biyu a mako, a motsa mata hannu da ƙafa, ta koma gida. Mai gashin ya ce in aka jure za ta taka.

Baffa, wan marigayi mahaifinmu, shi ke da jirgi, shi ke da gida. Ya ce, "Wanga ciwo na mutanen ruwa na. In kunka ƙetare da ita, kun kashe ta." Ya gargaɗi sauran masu jirage, babu wanda ya yarda ya ɗauke mu. Wata goma sha huɗu tana kwance ana mata hayaƙi, yatsunta suka dunƙule har ba ma iya wanke mata tafin hannu. Haka ta cika.

Da za ta ga sashen gashin yau, da ta riƙe baki. Ga ƙarfen da ake dafawa a koyi tafiya, ga keken motsa ƙafa. Ana koya wa masu jinya riƙe cokali da ɗaura zane, ana koya wa wasu magana. Na san wurin sosai, domin bara ciwon nan ya kama Baffa, har da baki. Mutanen ruwan ba su ce komai ba da 'ya'yansa suka sa shi a jirgi. Gidan mijina a Yelwa suka sauke shi.

Da Inna ce, da ta yafe masa, na sani. Haƙurinta ne mutanen tsibirin ke tunawa har yau, kuma shi ne ban gada ba.

Ni ke kai shi gashi, ban taɓa fashi ba, dangi suna ta sa mini albarka. Su ci gaba. Bakinsa nake jira ya buɗe. Rannan ma'aikaciyar da ke koya masa magana ta ce, "Baba, faɗi sunan ɗiyarka." Ya dube ni, yana ƙoƙarin furtawa. Na ce, "Malama, bar nawa. Fara mishi da Hajara." Sunan Inna ke nan, kuma a gaban dangi duka zai faɗe shi, ya faɗi abin da ya yi mata.