Noman da Na Biya Yaya

Shekarar da aka rufe filayen jiragen sama saboda cutar korona, wadda a ƙarshenta aka kwashe yaran makarantar kwana ta Ƙanƙara, a daminarta Inna ta rasu. Ni kuwa ina wata ƙasa mai sanyi a Turai, inda ikilisiyarmu ta tura ni aikin bishara a tsakanin ɗaliban jami'a.

Gidanmu yana wani ƙauye a ƙasar Sabuwa, ba nisa da Damari. Asalinmu Maguzawa ne, kuma addini uku ne a cikin gidan. Inna ta zauna a kan na iyayenta har ta bar duniya. Yayana ya musulunta tun yana saurayi, ni kuma na bi Almasihu. Amma tun kafin haka Baba ya kai mu duka biyu wurin wani malamin allo maƙwabcinmu, don dai mu iya rubutu kada a cuce mu a kasuwa. A nan na koyi ajami, kuma har yau da shi nake rubuta wa'azina, domin hannuna ya fi sakewa idan ya faro daga dama.

Da Baba ya rasu, ya bar mu a gandu ɗaya. A wajenmu ƙarami ba ya fita daga gandu sai babba ya sallame shi. Ranar da na ce zan tafi makarantar Littafi Mai Tsarki, na tarar da Yaya yana gyara ƙotar fartanya. Bai ɗago kai ba ya ce, "Tafi. Kunyoyinka ni zan riƙe maka. Amma bashi ne, ranar da ka dawo da fartanya za ka biya." Muka yi dariya, Inna ma ta yi tana tankaɗe.

Aikin can bai yi kama da abin da mutanen gida suke zato ba. Wa'azi kaɗan ne a cikinsa. Ni ne mai zuwa filin jirgi tarbar yaron da bai taɓa ganin ƙanƙara ba, in ara masa rigar sanyi, in nuna masa inda ake sayar da barkono. Ranar Juma'a da yamma ina tuƙa tuwon semo a babbar tukunya, ɗalibai su cika ɗakina, wasu a kan gado wasu a ƙasa, 'yan Afirka da Indiyawa da 'yan ƙasar. Bayan an ci sai mu buɗe Littafi. Masu karatun falsafa suna zuwa da tambayoyin da suke so su kayar da ni da su, in amsa wadda na sani, wadda ban sani ba in ce ban sani ba. Ɗaliban Larabawa kuwa rubutuna ne ya fara jawo su. Su leƙa takardata su ga haruffansu amma su kasa gane kalma ko ɗaya, sai su zauna su ji ko wane irin mutum ne wannan. Na yi jinyar masu zazzaɓi, na zauna da waɗanda suka faɗi jarrabawa suna tsoron kiran iyayensu. Akwai wani ɗalibin likitanci da ya rasu ba shi da kowa a ƙasar. Ni na bi ofisoshi, ni na tsaya aka binne shi, na dasa masa itace da sunansa.

Muna da wata ɗabi'a a zumuntarmu. Duk wanda aka kira daga gida da labarin rashin lafiya, sai ya buɗe muryar waya, kowa ya matso, a yi waƙa a yi addu'a, domin na gida su ji cewa ɗansu ba shi kaɗai ba ne. Mun yi wa mutane da yawa haka, suna kuka suna godiya. Ranar da Yaya ya kira ya ce jikin Inna ya yi tsanani, ɗaliban da dokar kulle ta tsare a gidan kwananmu suna tare da ni. Muka yi yadda muka saba. Suka rera waƙa da Turanci, kowa ya yi addu'a da harshensa. Da muka ce amin na ɗauki wayar, Yaya ya riga ya kashe. Ba a jima ba wani maƙwabci ya aiko mini da labarin rasuwar.

Sai da damina ta sake zagayowa na sami izinin hutu na zo gida. Na tarar ƙauyenmu ya watse saboda 'yan bindiga. Yaya ya koma Damari da iyalinsa, yana zuwa gona a babur da safe in an ji shiru, ya baro ta kafin la'asar. Ya rame, gemunsa ya yi fari. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa ta'aziyya, ya amsa kamar yadda ake amsa wa baƙo.

Na ce, "Yaya, ina so ka kai ni inda aka sa Inna."

Ya ce, "Aka sa ta? Wa da wa?"

Matarsa ce ta ba ni labari daga baya, a bayan ɗaki, murya ƙasa-ƙasa. Lokacin rasuwar rabin gari ya riga ya gudu. Maƙabartar Musulmi ba ta Inna ba ce, mutanen coci kuma sun tafi. Ita matar Yaya ce ta yi mata wanka. Yaya ya ɗaura gawar a amalanke ya kai gonar gandu, ya haƙa shi kaɗai, ya rufe shi kaɗai, ya baje ƙasar. Mace ba ta zuwa bakin kabari, saboda haka ita ma ba ta san wurin ba. A duk duniya mutum ɗaya ne ya sani.

Washegari na sake roƙonsa. Ya shiga ɗaki ya fito da fartanya ya ajiye a gabana.

"Ka tuna?"

"Na tuna, Yaya. Bari in ɗauki 'yan ƙodago su nome gonar duka, har da ta baɗi."

"Ni ba 'yan ƙodago nake bi ba, Fasto. Kai nake bi."

Bai taɓa kirana Fasto ba sai a wannan zuwan, kuma yadda yake faɗinsa ya fi zagi ciwo.

Haka muka fara fita. Yana gaba a babur ina baya riƙe da fartanya, muna wuce gidajen da ciyawa ta tsiro a tsakar ɗakunansu. Lokacin maimai ne, wato noma na biyu, dawa ta kai gwiwa, ciyawa ta kama ta. Shi ya zauna a gindin kaɗanya da carbinsa, idonsa ɗaya a kaina ɗaya a bakin daji. Ni na duƙa. Tun kafin rana ta ɗaga tafin hannuna ya yi bororo, kafin azahar ya fashe. Ƙotar ta riƙa manne wa fata. Bayana ya riƙe har in na miƙe sai na dafa gwiwa.

Idan masu babur suka zo wucewa sai ya tsayar da su. "Ku zo ku ga Bature yana noma. Kyauta ne kallon." Su gaishe ni cikin jin nauyi su wuce. Wani lokaci ya kwaikwayi waƙar da ɗalibaina suka yi, da muryar hanci, yana kaɗa kai.

"Ka san inda nake ranar nan?" ya ce da ni wata rana ina shan ruwa. "Bisa dutse, wurin da waya ke kamawa. Na baro Inna tana kiran sunanka. Na ce bari in ji abin da za ka ce in kai mata. Sai na ji biki."

Na ce, "Addu'a ce, Yaya."

"Na sani. Na sauko ta ce mi ya ce? Na ce yana waƙa."

Na ɗauki fartanyar. Na koma kan kunyar da nake nomewa ina karanta Zabura a zuci, ina roƙon Ubangiji ya riƙe mini harshena, domin na san idan na mayar masa da magana ɗaya zai tashi babur, kuma ba zan taɓa sanin wurin ba. Duk inda na ga ƙasa ta ɗan tashi ko ta ɗan faɗa sai in ɗaga ido in dube shi. Fuskarsa ba ta nuna komai.

Akwai wani wuri can wajen gabas, kusa da wani tsohon kututturen ɗorawa, da bai taɓa gamsuwa da shi ba. Na nome, ya taso ya duba ya ce ban ciro saiwar ba. Na sake, ya ce na bar ciyawa a gindin dawa. Da na zo yi na uku ya karɓe fartanyar ya ce, "Wanga wurin da hannu za ka yi shi." Na durƙusa a ƙasa mai zafi ina tsinke ciyawa da yatsun da ke jini, shi yana tsaye a kaina yana nuna mini da ƙafa. A nan ne na yi kuka, ba don Inna ba, don ciwo da wulaƙanci. Ya ce, "Mutumin da ya binne ɗiyan wasu har da dasa itace, ciyawa ce ta sa shi kuka."

Ranar da na kai ƙarshen kunya ta ƙarshe, hadari yana haɗuwa ta gabas. Na jawo ƙafa na zo gindin kaɗanya na ajiye fartanyar a gabansa kamar yadda ya ajiye mini.

"Yaya, na gama."

Ya tashi ya zaga gonar a hankali, hannunsa a baya, ina biye da shi. Da muka zo kututturen ɗorawar sai ya tsaya.

"Nan take," ya ce. "Kanta wajen kututturen."

Na dubi wurin. Ga sawun gwiwoyina a kai, ga inda na tofar da yawu, ga inda na zauna na ci rogo. Dawa ta fito a kanta layi-layi kamar ko'ina.

Na ce, "Ka bar ni ina taka ta?"

"Ni ma ina taka ta. Shanun ɓarayi ma sun taka ta."

Na durƙusa zan yi addu'a, ya ce, "A zuci. Kada ka yi mata waƙar nan. Kuma ba itace, ba dutse, ba gicciye. Hanyarta ba taka ba ce, ba tawa ba ce, ta iyayenta ce." Na yi yadda ya ce. Na gode wa Ubangiji da ya ba ni ita, na bar ta a hannunsa, domin ban san abin da zan roƙa ba bayan wannan. Ruwa ya fara sauka, Yaya ya ce mu tafi, yamma ba ta da kyau a nan.

A hanya ban iya riƙe ƙarfen babur ba saboda hannuna, sai na jingina da bayansa. Bai nufi gida da ni ba. Ya tsaya a tasha, inda na ga jakata a hannun matarsa, ashe tun safe ya ce ta kawo. Ta miƙo mini ita da ɗan man kaɗanya a leda, ta juya da sauri.

Na ce, "Yaya, sai na kira."

Ya duba ƙotar fartanyar, ya goge jinin da gefen rigarsa, ya ɗaure ta a bayan babur.

"Ba sai ka kira ba," ya ce. "Ka biya. Ba na binka komai."