Cikiyar Inna da Aka Kira Surutu

Lokacin da intanet ta fara shigo mana, ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Bukkuyum, saurayi mai zafin kai, ga baki ba linzami. Waya ba ta kamawa a garinmu, sai na hau mota zuwa Gusau nake samun kafe, wato shagon shiga intanet. Can na shiga wani dandali na 'yan yankinmu, yawancinsu mazauna Abuja da ƙasashen waje. Suna da wata doka da ban taɓa ɗauka da nauyi ba: idan ka buɗe zance, ba ka ƙara wani rubutu ƙarƙashin naka sai wani ya tanka maka.

Wata damina Inna, mahaifiyata, ta ɓata. Tsufa ya riga ya taɓa mata tunani, kullum cewa take za ta koma rugar iyayenta, rugar da ta watse tun ba a haife ni ba. Muka bi Gummi, muka bi ƙauyuka, muka sa mai shela cikiya a kasuwanni, shiru. Sai na tafi Gusau na rubuta cikiya a dandalin, na faɗi kamanninta da zanen da ke jikinta. Ina zaune ina kallo, gardamar siyasa ta danne ta, ta yi ƙasa, ba wanda ya ce ko Allah ya bayyana ta. Na sake rubutawa ta dawo sama. Ta nutse, na sake. To, haka muka gaji cikiya! Mai shela ba ya faɗi sau ɗaya ya tafi gida, kowace kusurwar kasuwa sai ya tsaya ya maimaita.

Mai kula da dandalin ya aiko mini cewa in daina cika musu wuri da surutu, in gyara rubutuna na farko idan ina da ƙari. Surutu fa! Raina ya ɓaci, na mayar masa a bainar jama'a cewa da uwarsa ce ke kwana cikin ruwan sama da bai san doka ba, na haɗa da kalmomin da ba zan maimaita a mujalla ba. Nan take ya kulle zancen, ya kore ni.

Ashe wani ɗalibi ɗan Anka ya ga wata tsohuwa a tashar garinsu tana tambayar hanyar ruga, tana haɗa Hausa da Fulatanci. Da ya koma makaranta Sakkwato ya tarar da cikiyata, ya zo amsawa, wurin a kulle. Ya buɗe sabon zance, aka goge, wai an rufe wannan magana. Bawan Allah bai gaji ba, ya ba wani direba sallahu, sallahun ya yi ta yawo kafin ya iske ni. Ko da na isa Anka, zazzaɓi ya gama da ita, mutanen unguwa sun yi mata sutura, Allah ya saka musu.

'Yan'uwana sun ce bakina ya ja. Zagin, na yarda, kuskure ne, kuma yana ci mini rai har gobe. Amma maimaita cikiya? Wallahi ko yau aka koma sai na maimaita. Wanda ya kafa dokar nan yana da kwamfuta a ofis, ni zama ɗaya gare ni kafin motar ƙauye ta tashi.

Masu shiga dandali, ku karanta dokokinsu tun kuna cikin kwanciyar hankali, kuma ku riƙe harshe gaban mai riƙe da makulli, ko da ku ke da gaskiya. Ku kuma masu makullin, kafin ku ƙirga sau nawa mutum ya yi magana, ku karanta abin da yake faɗi. An kiyaye doka, dandali ya yi tsaf. Ni kuma kabari aka nuna mini.